Baƙin ɓawon ƙarfe ba dauɗa ba ce

Ka tsaya wurin maƙera ko masu walda a Agege, za ka ji ana cewa baƙin ɓawon da ke zubowa idan aka bugi jan ƙarfe dauɗa ce wuta ta kora waje. Ba haka ba ne. Ƙarfen ne da kansa yake ƙonewa.

Idan ƙarfe ya yi ja, iskar oksijin tana haɗuwa da fatarsa cikin gaggawa, abin da tsatsa kan yi a wata da watanni sai ya faru cikin mintoci. Da zafi ya haura digiri 570 a ma'aunin Salshiyas, ɓawon kan zama hawa uku, na can ciki ya fi kauri. Duk ɓawon da ya faɗo gefen uwar maƙera, daga jikin ƙarfen aka rage shi. Shi ya sa lauje ke sirancewa idan an yawaita mai da shi wuta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙera ƙofofi. Sabon falankin ƙarfe kan zo daga masana'anta da wannan ɓawon, mai shuɗi-shuɗi, sumul, sai a shafa fenti a kai. To ɓawon gautsi gare shi, yana tsagewa. A Legas kuwa, ga laima ga gishirin teku, ruwa na shiga tsagar sai tsatsa ta ci ƙarfen ta ƙasa, fentin ya ɗago. A kankare ɓawon tas tukuna, kafin fenti ya hau.