Kwasa-kwasan dole na zangon farko a karatun injiniya: wa ya ɗora su, kuma me doka ta ce?

A makon da aka buɗe rajistar sababbin ɗalibai, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure bayan la'asar, takarda a hannu, fuska ba walwala. Ya samu gurbin karatun injiniyan lantarki a nan Sakkwato, abin da yake buri tun yana ƙaramin yaro mai kwance tsofaffin rediyo da cajar waya. Ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo takardar. "Kawu, mi ke nan? Injiniya na zo in karanta, amma babu inda aka ambaci waya ko taransifoma. Daga Turanci sai lissafi sai fiziks sai kemistiri, kamar an maishe ni sakandare. Ba a iya cire wasu?"

Na ce masa ba a iyawa. Shi bai isa ya cire ba, shugaban sashensu ma bai isa ba. Kuma tunda na san ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba, iyaye ma suna yi idan suka ga an biya kuɗin rajista amma yaro bai fara riƙe sifana ba, bari in warware zancen daga tushe.

Akwai wata doka da aka yi a 1985, zamanin mulkin soja, ita ce Dokar Soja mai lamba 16, wadda yanzu take cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na E3. Sashe na 10 na dokar ya damƙa wa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ikon shimfiɗa mafi ƙarancin abin da dole kowace jami'a ta koyar kafin ta ba mutum digiri, da ikon tantance ko ana koyarwar. Kalmar da za a riƙe ita ce "mafi ƙaranci". Dokar ba ta hana jami'a ƙarawa ba, ragewa ta hana. Da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da aka kafa a 1975, da jami'ar jiha, da ta kuɗi da aka buɗe jiya, duk ma'auni ɗaya ne a kansu.

Da wannan iko NUC ta fitar da manhajar farko a 1989, ta sabunta ta a 2007 da wadda ake kira BMAS. A watan Disamba na 2022, lokacin Farfesa Abubakar Adamu Rasheed yana shugabantar hukumar, aka ƙaddamar da wadda ake bi yanzu, CCMAS, mai ɗauke da manyan fannonin ilimi 17, aka ce a fara aiki da ita daga Satumban 2023. Babban abin da ta zo da shi rabo ne: kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar NUC ce ta tsara, kashi 30 kuma an bar wa majalisar malaman kowace jami'a ta cike gwargwadon buƙatar yankinta da ƙarfin malamanta. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi tir da wannan rabo a 2023, tana cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i. A ganina ƙorafin yana da ƙamshin gaskiya idan ana maganar manyan azuzuwa, inda ya kamata kowace jami'a ta nuna nata salon. Amma a aji ɗaya na injiniya ina goyon bayan a ɗaure kowa da igiya ɗaya. Yaron da ya fito daga makarantar gwamnati a Tangaza ko Isa, wanda wataƙila bai taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, shi ya fi kowa cin gajiyar dokar da ta ce sai an kafa masa tushe iri ɗaya da na ɗan Legas kafin a ɗora gini.

To me ke cikin takardar? A al'adar jami'o'inmu kwas mai lambar mara, kamar 101 ko 107, na zangon farko ne, mai lambar cika kuma na zango na biyu. Kowane kwas an yi masa alama, ko na dole ne ko na zaɓi, kuma kusan duk na ajin farko na dole ne.

Na farko da ya ba yaron haushi shi ne GST 111, Turancin sadarwa, mai yunit 2. Wannan kan kowa yake, da mai karatun likita da mai karatun shari'a. Ɗaliban kimiyya sun fi raina shi, har wasu ba sa shiga ajin sai jarrabawa ta matso. Alhali injiniya rabin aikinsa rubutu ne: rahoton gwaji, takardar kiyasin kuɗin aiki, wasiƙar da zai gaya wa mai kwangila cewa rodin da ya sa bai kai ba. A cikin kwas ɗin ne ake fara gaya wa ɗalibi cewa kwafo aikin wani ka ce naka ne laifi ne mai hukunci.

Sai MTH 101, aljabara da tirigonometiri, shi ma yunit 2, kuma a nan na fi daɗewa da shi. Na ce masa ya buɗe jerin darussan ya nemo inda aka ambaci lambobin nan masu ɓangare biyu, na zahiri da na ƙiyasi, waɗanda ake samu idan aka nemi saiwar lamba mai ƙasa da sifiri. A sakandare ana ce wa yaro irin wannan lissafi ba shi da amsa. A MTH 101 za a nuna masa yana da ita. Kuma wutar da ke shigowa gidajenmu ba miƙe take tafiya ba, kai da komowa take yi sau 50 a kowace daƙiƙa, kuma da waɗannan lambobi ake lissafa ta. Taransifomar da yake ɗokin gani tana cikin wannan darasi, sunanta ne kawai ba a rubuta ba. Wanda ya haddace don ya ci jarrabawa ya wuce, zai haɗu da abin a aji biyu da aji uku, a lokacin kuma babu malamin da zai koma baya dominsa.

PHY 101 kuwa ilimin ƙarfi da motsi ne: ma'aunai, dokokin Newton guda uku, aiki da makamashi, juyawa, nauyi. Duk Basakkwacen da ya yi wayo a 2010 yana tuna yadda ambaliya ta yanke hanyar da ta haɗa gari da mazaunin dindindin na Jami'ar Danfodiyo a wajen Kwalkwalawa. Tambayar da injiniya ke yi a gaban irin wannan, wato wane irin ƙarfi ruwa mai gudu ke ɗora wa ƙafar gada, kuma ƙafar nawa za ta iya ɗauka, daga wannan kwas ake fara koyon yin ta. CHM 101 shi ma ba baƙo ba ne a garin da ke da masana'antar siminti a Kalambaina, inda ake gasa farar ƙasa a zafin da ya kai kimanin digiri 1450 kafin ta zama abin da ake niƙawa a yi siminti. Batirin solar da ke kusan kowane shago a yanzu, cajinsa da saukarsa darasi ne a cikin wannan kwas.

Kowanne daga cikin biyun nan yana da ɗan rakiya a ɗakin gwaje-gwaje, PHY 107 da CHM 107, yunit ɗai-ɗai. Sai GET 101, Injiniya a Cikin Al'umma, yunit 1, wanda shi kaɗai ne ke ɗauke da sunan sana'ar: tarihinta, ɗa'arta, kiyaye haɗari, da hukumomin da ke kula da ita. Idan aka haɗa waɗannan bakwai, tunda PHY 101 da CHM 101 su ma yunit 2 ne kowanne, an sami yunit 11. Sauran kan zo daga kwas ɗin gabatar da ilimin kwamfuta, ko ƙarin lissafi da fiziks, ko abin da jami'ar ta ƙara daga nata kashi 30, wanda sau da yawa za ka ga an liƙa taƙaitaccen sunan jami'ar a gaban lambarsa. Shi ya sa takardar ɗalibin Sakkwato ba lallai ta yi daidai da ta abokinsa na Zariya layi bisa layi ba. Littafin jagora na sashe shi ne hujja, ba abin da wani ya turo a WhatsApp ba.

Yanzu maganar yunit, wadda yawancin sababbin ɗalibai ba sa ganewa sai sun ga sakamako. Yunit ɗaya na nufin lakca ta awa ɗaya a kowane mako tsawon zango, wato kimanin awa 15, ko kuma awa 3 a mako idan aikin ɗakin gwaji ne. Ka ga ke nan firaktikal mai yunit 1 ya fi lakca mai yunit 2 cin lokaci. Ƙa'ida ta ce ɗalibi na cikakken lokaci kada ya yi rajistar ƙasa da yunit 15 a zango, kada kuma ya haura 24. Wanda ya shigo ta JAMB shekara biyar zai yi, kuma sai ya ci aƙalla yunit 150 kafin a kira shi mai digiri.

Yunit kuma shi ne nauyin kwas a sikeli. Maki 70 zuwa sama A ne, lamba 5. Daga 60 zuwa 69 B, lamba 4. Daga 50 zuwa 59 C, lamba 3. Daga 45 zuwa 49 D, lamba 2. Daga 40 zuwa 44 E, lamba 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, sifiri. Ana ninka lambar da yunit na kwas, a tara duka, a raba da jimillar yunit. Na ɗauki biro na yi masa misali da kwasa-kwasan nan bakwai. Wanda ya sami B a dukkansu yana da 44 a raba da 11, wato 4.00. Wanda ya sami B a shida amma ya faɗi MTH 101 yana da 36 a raba da 11, wato 3.27. Kwas ɗaya ya sauko da shi daga matakin digiri na biyu mai daraja ta sama, wanda ke farawa daga 3.50, zuwa na ƙasa. Kuma tunda kwas ɗin na dole ne sai ya sake shi baɗi, abin da ɗalibai ke kira kari-oba. A tsarin da yawancin jami'o'inmu ke bi, sifirin farko ba ya gogewa. Ko da ya dawo ya ci A, lissafinsa 46 ne a raba da 13, wato 3.54. Ga shi yunit ɗin da ya ɗauko sun ci masa wuri a cikin 24 ɗin baɗi, ga yiwuwar lokacin lakcar ya ci karo da na sabon ajinsa, ga kuma kwasa-kwasan gaba da ba a yarda ka yi rajistarsu sai ka ci na ƙasansu.

Abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga masu faɗuwa a zangon farko ba rashin ƙwaƙwalwa ke kayar da su ba. Jarrabawar ƙarshe kashi 60 zuwa 70 take ɗauka, sauran 30 zuwa 40 na gwajin cikin zango ne da aikin gida da rahoton firaktikal. Yaron da ya yi makonni yana fafutukar ɗakin kwana, ko yana jiran kuɗin rajista daga ƙauye, ya iso an riga an yi gwajin farko, ya shiga jarrabawa da gurguwar ƙafa. Yawancin jami'o'i kuma suna sharɗanta halartar kashi 75 na darussa kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Iyaye su ji wannan da kyau: aiken ɗalibi kasuwa ko gona ko biki ranar firaktikal ba ƙaramin abu ba ne, domin gwajin da aka yi aka tashi da wuya a sake shirya shi saboda mutum ɗaya.

Rajistar kanta tana da tarko biyu. Kwas ɗin da ka zauna jarrabawarsa ba ka yi rajistarsa ba, babu sakamako, ko da ka fi kowa maki. Wanda kuma ka yi rajistarsa ba ka zauna ba, sifiri za a rubuta maka. Akwai ɗan lokaci da jami'a ke warewa a farkon zango don ƙara kwas ko ajiye shi, idan ya wuce ya wuce. Kowane aji yana da malami mai kula da rajistarsa, wanda ɗalibai ke kira kodineta. A je wurinsa da takarda kafin a tura komai a intanet, kada a bar wa yaron shagon kwamfuta ya zaɓa wa mutum kwas, sannan a adana kwafin da aka sa wa hannu. Idan rashin lafiya ta faɗo a lokacin jarrabawa, a sanar da sashe a rubuce nan take, a bi ta asibitin jami'a a sami shaida. Uzurin da aka kawo bayan an liƙa sakamako da wuya ya yi amfani.

Yaron ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, idan jami'a ta ga dama ta tsallake wani fa?" Na ce masa ido biyu ne a kanta. NUC tana zuwa tantancewa, haka ma COREN, majalisar da ke tsara aikin injiniya a Najeriya, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 55 ta 1970. Ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma sai wanda ta yi wa rajista doka ta yarda ya kira kansa injiniya ya yi aiki da sunan. Sashen da ya rasa tantancewa ana iya hana shi ɗaukar sababbin ɗalibai, waɗanda suka fito daga cikinsa kuma su sha wahala wajen rajista. Don haka jerin da ke hannunsa kariya ce ga takardar da zai karɓa nan da shekara biyar.

Zanen injiniya, GET 102, yana jiransa a zango na biyu. Aikin hannu a wakshop yana zuwa a aji biyu, sannan horon masana'antu na SIWES, wanda mafi tsawonsa kan zo a aji huɗu. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko tsohon littafina na aljabara yana nan. Yana nan a cikin akwati, na ce ya dawo bayan isha'i ya karɓa.