Rubutun kabarin Sarki Dariyus a Nakshi Rustam

Rubutun kabarin Dariyus wasu rubuce-rubuce ne da aka sassaƙa a jikin dutse a fuskar kabarin Sarki Dariyus na ɗaya, sarkin daular Farisa ta Akamaniyawa wanda yayi mulki daga shekarar 522 zuwa 486 kafin miladiyya. Kabarin yana wani wuri da ake kira Nakshi Rustam a lardin Fars na ƙasar Iran ta yanzu, 'yan kilomitoci kaɗan daga kangon birnin Fasifolis wanda Iraniyawa ke cewa Takti Jamshid. Kaburbura huɗu ne a jikin wannan dutsen amma na Dariyus kaɗai ne ke ɗauke da rubutun da ya faɗi sunan mai shi, sauran ukun masana ne suka jingina su ga Ahasurus da Artashate na ɗaya da Dariyus na biyu ta hanyar duba salon aikin da jerin sarautar.

Shi sunan Nakshi Rustam ba na zamanin Dariyus bane. Sarakunan Sasaniyawa da suka zo ɗaruruwan shekaru daga baya sun sassaƙa hotunansu a ƙasan kaburburan, har da wanda ke nuna nasarar Shafur na ɗaya a kan sarkin Rum Baleriyan a shekarar 260 miladiyya, to da mutanen gari suka manta su waye a hotunan sai suka ce ai Rustam ne, jarumin tatsuniyoyin Farisa, sunan ya zauna kenan.

Fasalin kabarin

An fafe kabarin ne can sama a jikin dutse, ba matakala ba hanyar hawa, fuskarsa kamar alamar tarawa ta lissafi kuma tsayinta ya haura mita 20. Ɓangaren tsakiya an yi shi kamar gaban fada mai ginshiƙai huɗu da ƙofa a tsakiya, in an shiga akwai ɗakuna uku kowanne da ramukan gawa uku, wato tara kenan, kaga dai ba dan shi kaɗai aka yi ba har da iyalansa. A sama kuma ga sarki tsaye a kan dakali mai hawa uku, baka a hannunsa na hagu ya ɗaga na dama, yana fuskantar wurin da wuta ke ci, sama da shi ga wata siffa mai fukafukai da yawancin masana ke cewa Ahura Mazda ne abin bautarsu wasu kuma suka ce alamar ɗaukakar sarauta ce. Duk wannan yana bisa wani ƙaton gado da mutum 30 suka tallabo, kowa da kayan ƙasarsu da irin gyaran gashinsu.

Kitisiyas, wani likita Bagirke da ya zauna a fadar Farisa, ya bada labarin cewa wai iyayen Dariyus sun so ganin kabarin tun yana raye, ana jan su sama da igiya sai masu jan suka firgita suka saki, suka faɗo suka mutu, sarki ya sa aka sare kan mutum 40. Labaran Kitisiyas dai sai an tace, amma wannan ya nuna yadda mutanen lokacin suka ɗauki tsayin wurin.

Harsuna da nau'in rubutu

Da harsuna uku aka rubuta: tsohon Farisanci, Elamanci da Babilanci, duka da rubutun nan mai kama da kan ƙusa, su Iraniyawa ma rubutun ƙusa suke ce masa. Na tsohon Farisancin shine mafi sauƙi dan alamomin sautinsa 36 ne kacal sai wasu 'yan kaɗan masu tsayawa a madadin kalma guda kamar "sarki" da "ƙasa", ana rubuta shi daga hagu zuwa dama, kuma galibin masana suna ganin a zamanin Dariyus ɗin aka ƙirƙire shi. Akwai wani rubutun na huɗu da haruffan Aramaik wanda ya lalace sosai, har yau ana jayayya a kan lokacin da aka ƙara shi. Masana suna laƙaba ma rubutun sunaye a taƙaice, DNa da DNb da sauransu, D na nufin Dariyus, N kuma Nakshi Rustam.

Rubutun sama

DNa yana bayan hoton sarki. Ya fara da yabon Ahura Mazda, cewa shine ya halicci wannan ƙasa, ya halicci waccan sama, ya halicci mutum, ya halitta ma mutum jin daɗi, ya naɗa Dariyus sarki ɗaya bisa masu yawa. Daga nan sarki ya shiga yi ma kansa kirari: babban sarki, sarkin sarakuna, sarkin ƙasashe masu mutane iri-iri, ɗan Bishtasfa, Ba'akamane, Bafarise ɗan Bafarise, Ba'ariye tsatson Ariyawa. Kalmar da yayi amfani da ita ta sarki, kshayathiya, ita ce ta koɗe a baki har ta zama Shah.

Sai jerin ƙasashe 29 banda Farisa kanta, waɗanda yace suna kawo masa haraji kuma dokarsa ce ke riƙe da su. Akwai Midiya da Elam da Fartiya da Baktiriya da Sogdiya, akwai Gandara da Hindu wato kwarin kogin Indus, akwai Sakawa, wato makiyaya mahaya doki, har kala uku (masu shan haoma wani abin sha na ibada, masu dogayen huluna masu tsini, da na ƙetaren teku), sai Babila da Assuriya da Arebiya da Masar da Armeniya da Girkawan bakin teku. Wajen ƙarshen jerin ne Afirka ta ƙara fitowa, Putaya wato mutanen Libiya, da Kushiya wato mutanen Kush, yankin Nubiya da ke kudancin Masar da arewacin Sudan ta yau.

Wurin da ya fi daɗin karantawa shine inda sarki ya juyo ga mai kallo kai tsaye. Yace in ka tambayi kanka ƙasashe nawa ne Sarki Dariyus ya riƙe, to dubi siffofin nan masu ɗauke da gado, a nan zaka gane mashin Bafarise yayi nisa, a nan zaka gane Bafarise yayi yaƙi can nesa da Farisa. Rubutun yasan da kyar mutum ya iya karanta shi daga ƙasa, shi yasa yake tura ka ga hoton. Kuma kowane ɗaya daga mutum 30 ɗin an yi masa ɗan rubutu, "wannan Bafarise ne", "wannan Bamidiye ne", haka har ƙarshe, waɗannan su ake kira DNe kuma da yawansu ruwa da iska sun cinye.

Ya rufe da gargaɗi: ya kai mutum, kada umarnin Ahura Mazda ya zame maka abin ƙi, kada ka bar hanya madaidaiciya, kada kayi tawaye.

Rubutun ƙasa

DNb yana tsakanin ginshiƙai a gefen ƙofar kabarin, kuma a ganina shine mafi daraja cikin duk abinda Akamaniyawa suka bari a dutse, dan a nan babu jerin ƙasashe, sarki ne kawai yake faɗin irin halinsa. Yace shi abokin gaskiya ne ba abokin ɓarna ba, baya son mai ƙarfi ya zalunci mara ƙarfi, haka kuma baya son mara ƙarfi ya cuci mai ƙarfi. Wannan rabin na biyu mutane kan tsallake shi in suna kawo maganar, alhali shine ke nuna tunanin mutumin, shi adalci a wurinsa kowa ya tsaya a matsayinsa ne. Yace baya abota da maƙaryaci, kuma shi ba mai saurin fushi bane, in ransa ya ɓaci yana danne shi da hankalinsa, yana mulkin kansa da kansa. Wanda yayi aiki yana saka masa gwargwadon aikinsa, wanda yayi ɓarna yana hukunta shi gwargwadon ɓarnarsa. Sannan in wani ya kawo ƙarar wani baya gamsuwa sai yaji ta bakin duka biyun, abinda duk alƙalin kirki yake yi har gobe.

Bayan hali sai jiki. Yace hannu da ƙafa duk a hore suke, a kan doki gwani ne, a harbin baka gwani ne a ƙasa da kan doki, a jifan mashi ma haka. Sakin layin ƙarshe kuma nasiha ce ga wani da ya kira marika, wato saurayi ko bara, yana ce masa ya nuna ko shi wane irin mutum ne kuma kada ya yarda da duk abinda aka raɗa masa a kunne sai yaji abinda aka faɗa a fili.

Dole mai karatu ya tuna wa ke magana. Dariyus ba ɗan sarkin da ya gabace shi bane, ya hau gado ne bayan shi da abokansa shida sun kashe mai riƙe da gadon, wanda Dariyus ɗin yace wai Gaumata ne mai sojan gona, kuma a rubutunsa na dutsen Bisitun da ke yammacin Iran shi da bakinsa ya faɗi yadda ya yanke hanci da kunnuwan 'yan tawaye ya tsire su. A harshensa "ƙarya" da tawaye kusan abu ɗaya ne. Abin lura kuma, a duk rubutun kabarin nan babu kuka a kan mutuwa babu bayanin lahira, duk maganar mulki ce.

Ƙananan rubutu

Mutum biyu daga cikin fadawan da ke gefen sarki an ambaci sunansu. Gaubaruwa, wanda Girkawa ke cewa Gobiriyas, mai riƙe mashin sarki, sai Asfacana a ƙasansa riƙe da makaman sarki. A shekarar 2019 masu bincike 'yan Iran suka wallafa wani ɗan gajeren rubutu da ba'a taɓa lura dashi ba a saman kabarin, aka sa masa DNf.

Yaɗuwar rubutun

Duk da tsayin dutsen maganar bata tsaya a can ba. Ahasurus ɗan Dariyus ya kwafi kusan duka DNb ya sa sunansa, an tono allon dutsen kusa da Fasifolis a 1967. Sakin layin nan na nasiha ga saurayi kuma an same shi da Aramaik a wata takardar gargajiya ta Masar a tsibirin Elefantin kusa da Aswan, wanda ke nuna ana aika kwafi zuwa larduna ana karanta ma mutane. Girkawa ma sun ji ƙishin-ƙishin, marubucinsu Sitirabo ya ruwaito cewa a kabarin Dariyus an rubuta shi aboki ne ga abokansa kuma gwanin doki da baka, kaga ba'a yi nisa da ainihin ba.

Na Sairus mai kafa daular ya sha bamban. Kabarinsa ginin dutse ne a Fasargada, marubutan Girka sun ce akwai rubutu a jiki mai cewa ya kai mutum ni ne Sairus da ya kafa ma Farisawa daula kada ka yi min hassadar wannan kabari, amma yau babu ko alamarsa a ginin, shi yasa masana da yawa ke shakkar ko ya taɓa wanzuwa. Mutanen yankin sun daɗe suna kiran wurin kabarin mahaifiyar Annabi Sulaiman. Sarakunan baya-baya, Artashate na biyu da na uku, a dutsen bayan Fasifolis aka fafe nasu, ɗaya daga ciki yana da sunayen masu ɗaukar gado irin na Dariyus.

Bayan Iskandar na Masedoniya ya rushe daular a 330 kafin miladiyya sai ilimin karanta rubutun ƙusa na Farisa ya ɓace sama da shekara 2000. Girotefen, wani malamin makaranta Bajamushe, shi ya fara gano sunayen Dariyus da Ahasurus a 1802, Rawlinson ɗan Ingila ya ƙarasa babban aikin da rubutun Bisitun, wani ɗan Denmak mai suna Westagad kuma ya kwafi rubutun saman kabarin a 1843. Cikakken hoto da awon kabarin sai a shekarun 1930 aka samu, lokacin da tawagar Jami'ar Cikago ƙarƙashin Erik Shimit ta yi aiki a wurin.