Maiƙo ya yi yawa a jini: daga tukunya gyara yake farawa

Duk wanda aka gaya wa maiƙon jininsa ya hau, tambayar farko da yake yi mana a asibiti ita ce, "To yanzu me zan ci?" Wasu ma kafin su iso wurinmu sun riga sun yanke wa kansu hukunci. Sun daina nama, sun daina ƙwai, sun koma shayi da burodi safe da dare, suna ganin sun tsira. Bayan wata uku a sake gwaji a tarar abin sai ma ƙaruwa ya yi. Dalili shi ne maiƙon da ake aunawa a jini iri biyu ne, kuma abincin da ke tayar da wannan daban yake da mai tayar da wancan.

Na farko shi ne kolestarol. Hanta ce ke samar da mafi yawansa, kuma jiki na buƙatarsa. A takardar gwaji za ka ga an raba shi: akwai LDL, akwai HDL. LDL shi ne mai illa. Idan ya yi yawa sai ya riƙa mannewa a bangon jijiyoyin jini, shekara da shekaru, hanyar tana ƙuntata kamar yadda kwata ke cushewa da shara kaɗan-kaɗan. Ranar da ta toshe, in a zuciya ne a ce bugun zuciya, in a ƙwaƙwalwa ne a wayi gari da shanyewar ɓarin jiki, wanda har yau da yawa daga cikinmu ke dangantawa da iska ko sammu. HDL kuwa aikinsa kwashe rarar ya mayar hanta. Na biyu shi ne tiraigilisarayid, wato kitsen da jiki ke ajiye rarar abinci a cikinsa.

A ma'aunin mg/dL, ana so jimillar kolestarol ta tsaya ƙasa da 200, LDL ƙasa da 100, tiraigilisarayid ƙasa da 150, HDL kuma ya haura 40 ga maza, 50 ga mata. Wasu ɗakunan gwajin da mmol/L suke rubutawa, a nan 200 ya zama 5.2, 150 kuma ya zama 1.7. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi ganin g/L a takardunsu: 2 ga kolestarol, 1.5 ga tiraigilisarayid. Abin da ya fi tayar mini da hankali game da wannan larura shi ne galibi ba ta da zazzaɓi, ba ta da ciwon kai, ba ta da wata alama da za ta sa mutum ya nufi asibiti. Kuma ba ta masu tumbi kaɗai ba ce, siriri ma yana kamuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin namu.

Mu fara da LDL. Babban mai tayar da shi shi ne kitse mai daskarewa, wanda in ya huce yake sandarewa a kwano: man shanu, kitsen rago da na sa, kakiɗe, fatar kaza, man kwakwa. Manja ma kusan rabinsa irin wannan kitsen ne. Ka tsaya wurin mai tsire da magariba ka lura. Zai yanko tsoka biyu, ya haɗa da kitse guda, ya tsoma a mai, ya barbaɗa yaji, kafin ka isa gida takardar ta jiƙe sharkaf. In ya ce, "Alhaji, a sa kitse?" ka ce masa tsoka zalla kake so, kuma kada ya ƙara mai. Ba a hana ka nama ba. Yanka uku zuwa huɗu na tsoka, ba kullum ba, sun wadatar. Kayan ciki irin su hanta da ƙoda, musamman ƙwaƙwalwa, a mayar da su abin marmari.

Lokacin Babbar Sallah ya fi kowanne. Ana soya nama cikin kitsensa, a cika bokiti, a yi makonni ana ɗiba, kakiɗen kuma a adana shi don miya. Hajiya, in akwai mai wannan larura a gidanki, ki sa a yanke farin kitsen nan kafin suya, a gasa wani kason ko a busar da shi. In farfesu ko romo kika yi, ki bar shi ya huce, kitsen zai taso ya daskare a sama, ki kwashe da cokali ki zubar, sannan ki ɗumama. Daɗin yana nan.

Man gyaɗa, man waken soya, man riɗi, da man zaitun ga mai hali, sun fi dacewa da girkin yau da kullum. Amma su ma da cokali ake auna su, a daina tuttulawa daga galan. Miyar da mai ke iyo a samanta ta wuce ƙima. Garau-garau abinci ne mai kyau saboda wakensa, ludayin man da ake kwarara masa ne ke ɓata shi. Kada kuma rubutun da ke jikin jarka cewa babu kolestarol a ciki ya ruɗe ku. Duk man da ya fito daga tsiro haka yake, har da manja, kuma wannan bai hana shi tayar da LDL ba in kitsensa mai daskarewa ne.

Akwai wani kitsen da ya fi duka muni, wanda ake daskarar da shi a masana'anta, ana samunsa a wasu nau'o'in bota ta shafa wa burodi da biskit da kek. Yana ɗaga LDL, yana kuma kassara HDL. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira a kawar da shi daga abinci, a 2023 kuma dokar NAFDAC ta fito da ta taƙaita shi a Nijeriya zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Man suya da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana hayaƙi, shi ma a guje shi.

Yanzu ga inda mutane suka fi yin tuntuɓe. Tiraigilisarayid ba kitse kaɗai ke tayar da shi ba. Manyan masu tayar da shi su ne sukari, fulawa, farar shinkafa mai yawa, da giya. Hanta tana karɓar rarar zaƙin ta juya shi ya koma kitse, ta sako shi cikin jini. Shi ya sa wanda ya gudu daga nama ya faɗa teburin mai shayi bai yi nisa ba: babban kofi da sukari cokali huɗu, madarar gwangwani, rabin burodi an shafe shi da bota, wani lokaci har da Indomie. Robar lemon kwalba mai rabin lita tana ɗauke da sukari kusan giram 50, wajen ƙaramin cokali 12. Wannan shi ne iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarje wa babba a yini guda, ta kuma ce in an tsaya a rabin haka ya fi. Lemon malt da muke kai wa marasa lafiya dubiya cike yake da sukari. Zoɓo da kunun aya da fura ba su da laifi a karan kansu, zaƙin da ake zuba musu ne abin dubawa. Zuma da mazarƙwaila ma zaƙi ne, ba su zama magani don sun fito daga daji ko gona ba.

A watan azumi na fi tausaya wa masu wannan matsala. An wuni da yunwa, a buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali da fanke, a kora da kunu mai sukari da lemo mai sanyi, a kwanta. Dabino ɗaya zuwa uku da ruwa, sai farfesun kifi ko alale da ganye, sun fi wa jiki alheri. Idan tiraigilisarayid ya kai 500, magana ta wuce ta abinci kaɗai, domin yana iya kumbura fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin mai daidaita suga a jini, ciwon ciki ne mai tsanani da ke kai mutum gadon asibiti. Mai ciwon suga kuma ya sani, muddin sugansa bai daidaita ba, da wuya wannan maiƙon ya sauka.

To me za a ci? Abin farin ciki, ba sai an je babban kanti an sayo abincin Turawa ba. Gero, dawa, acca, da masarar da ba a surfe ta tas ba, sun fi fulawa da farar shinkafa, saboda dusar da muke zubar wa awaki tana ɗauke da zaren abinci da ake kira faiba. Wani nau'in wannan zare yana narkewa a cikin hanji ya kama ruwan ɗaci da hanta ta ƙera daga kolestarol, ya fita da shi bayan gida, dole hanta ta ɗebo wani kolestarol ɗin daga jini ta cike gurbi. Wake yana da shi da yawa, haka ma kuɓewa, yauƙin nan nata shi ne. Don haka tuwon dawa da miyar kuɓewa ko kuka, an rage mai da gishiri da dunƙulen ɗanɗano, abinci ne da zan rubuta wa kowa ba tare da shakka ba. Faten wake, alale, da gurjiya su riƙa zagayowa a mako. Awara ma tana da kyau, in an jefa ta a miya maimakon a nutsar da ita a kaskon mai.

Ganye kuma Allah ya hore mana shi da araha: zogale, rama, alayyahu, yakuwa, tafasa, kabeji, ga yalo da karas da gurji. Ana so babba ya ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a yini. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, mai cokali ɗaya, ya isa abincin rana. Ka raba kwanonka: rabi ganye, rubu'i tuwo ko shinkafa, rubu'i wake ko kifi ko tsoka. Mai cin malmala biyu ya koma ɗaya ya ƙara miya. Gwaba da lemo da gwanda a ci su yadda suke, ya fi a matse ruwan a zubar da tuƙa. Kifi mai maiƙo irin titus da sardin sau biyu a mako yana taimakawa wajen saukar da tiraigilisarayid, a gasa ko a dafa. Gyaɗa cikin tafin hannu guda ta wadatar a yini. Mai shan fura ya nemi tsala a wurin mai nono, kindirmo ya zama na jefi-jefi. Ƙwai ɗaya a rana, dafaffe, ba ya cutar da yawancin mutane, amma mai ciwon suga ko wanda ya taɓa ciwon zuciya ya tuntuɓi likitansa.

Ina roƙon magidanta su riƙa zuwa asibiti tare da wadda ke riƙe da tukunyar gidan. Mun sha yi wa maigida bayani ya tafi, bayanin bai isa madafa ba. Kada kuma a ware masa tukunyarsa shi kaɗai kamar wanda ake horo, ba ya ɗorewa. Girkin da ya dace da shi ya dace da yaran ma. A wurin biki ko suna, in an matsa da "ɗan ƙara mana", babu kunya a ce likita ya hana.

Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki, ga mai ƙiba, yana saukar da tiraigilisarayid sosai. Tafiyar sauri ta minti 30, kwana 5 a mako, tana ɗaga HDL. Taba tana saukar da shi, a bar ta.

Duk da haka akwai waɗanda abinci kaɗai ba zai wadatar musu ba. Kusan mutum 1 cikin 250 gadon larurar ya yi, hantarsa ba ta iya kwashe LDL yadda ya kamata tun yana yaro. In a danginku akwai wanda zuciyarsa ta buga da ƙuruciya, ko kana ganin wani ɗan tabo rawaya a fatar idonka, ka je a gwada ka, a gwada 'ya'yanka da 'yan uwanka. In likita ya rubuta magani irin atorvastatin, a sha, kada a ajiye shi don lambobin sun sauka, kada kuma a musanya shi da ruwan lemon tsami da tafarnuwa, ko jarkar masu lasifika da ke cewa tana narkar da kitse. Tafarnuwa da citta kayan miya ne masu kyau, amma ba sa buɗe jijiyar da ta ƙuntata. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta sanar da likita kafin a rubuta mata irin wannan magani.

Bayan an gyara cin abinci, a koma gwaji cikin wata uku. In an ce a zo ba a karya ba, ana nufin awa 9 zuwa 12 babu abin da ya shiga ciki sai ruwa, domin ko kofin shayi mai sukari da madara yana iya ɗaga lambar tiraigilisarayid a wannan safiya. A riƙe tsohuwar takardar a zo da ita, da ita za mu gwada sabuwar.