Hanyoyin fitsari da na haihuwa a jikin ɗan tayin alade

Ɗan tayin alade na cikin dabbobin da ake feɗewa don koyon tsarin jiki, saboda kayan cikinsa sun yi kama da na mutum ƙwarai. Cikin alade kwana 114 ne, wato wata uku da mako uku da kwana uku, kuma tayin da ya kusa haihuwa tsawonsa yakan kai santimita 30. A Filato, inda kiwon alade ya yawaita, ana samunsa a mayanka idan an yanka mai ciki. A zafin Abuja ba ya kwana sai ya lalace, don haka ake tsoma shi cikin ruwan famalin, maganin hana ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100.

Kafin a sa aska ana fara tantance jinsi. Kan nono ba ya nuna komai, domin mace da namiji duk suna da shi jere biyu a kan ciki. Mace tana da ɗan tsiro a ƙarƙashin dubura, nan ne ƙofar fitsari da haihuwa. Ƙofar namiji kuwa tana dab da bayan cibiya.

Ƙoda biyu suna manne da bangon baya, tantani ya lulluɓe su, sai an ɗaye shi da hantsaki ake ganinsu sosai. Bayansu sumul yake kamar na ƙodar mutum, ba mai ƙulle-ƙulle kamar ta saniya ba. Daga lotsawar kowace ƙoda wani siririn farin bututu yake gangarawa zuwa mafitsara.

Mafitsarar tayi ita ce abin lura a nan. Doguwa ce, tana kwance tsakanin jijiyoyin jini biyu na cibiya, bakinta na gaba kuma ya zarce cikin igiyar cibiya, ta nan fitsari yake fita zuwa jakar ruwan da ke wajen tayin. Bayan haihuwa wannan hanya takan toshe. Idan ba ta toshe ba, sai a ga fitsari yana ɗiga ta cibiyar jariri, wurin ya jiƙe, ƙwayoyin cuta su samu mashiga.

A jikin mace, gidajen ƙwai ƙanana ne kamar ƙwayar wake ko ƙasa da haka, suna bayan ƙoda ta wajen wutsiya. Mahaifa tana da ƙaho biyu masu lanƙwasa, inda 'ya'ya da yawa suke jeruwa a ciki ɗaya. Ɗalibai sukan ɗauki ƙahonnin a matsayin bututun ƙwai, alhali bututun ƙwai siriri ne kamar zare, a nannaɗe kusa da gidan ƙwai. Farji da bututun fitsari suna haɗuwa su zama hanya ɗaya kafin ƙofar waje.

A jikin namiji, 'ya'yan maraina a cikin ciki suke fara tsirowa, sai a ƙarshen goyon ciki su bi ta matsematsi su sauka jakarsu kusa da dubura. Bututun maniyyi yakan hau ya tsallaka bututun ƙoda, sannan ya shiga hanyar fitsari a gindin mafitsara. Wannan tsallakawar ce hanya mafi aminci ta rarrabe bututun biyu, don kalarsu da kaurinsu kusan ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi ɓata aiki shi ne tsaga ciki ta tsakiya tun daga cibiya har ƙasa. Azzakarin alade doguwar igiya ce a ƙarƙashin fata daidai wannan layin, almakashi ɗaya ya isa ya datse shi. Sai a kewaye cibiya, a tsaga ta gefe biyu, a naɗe fatar zuwa baya. Kayan da ke cikin ƙugu kuma ba sa bayyana sai an raba ƙashin mara, wanda a tayi guringuntsi ne mai laushi, kuma da bakin almakashi sama ake yanka shi don kada a huda abin da ke ƙarƙashinsa.