Waiwaye: daga dawakin Kaura zuwa jirgi mara matuƙi, wa ke tsaron dajin Maradi?

Tun daga 2019, lokacin da dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka fara kwararowa cikin gundumomin Gidan Rumji da Madarunfa suna neman mafaka, gardama guda ke yawo a fadar matasa, a tasha, da gidajen rediyo: me zai kawo ƙarshen satar shanu da ɗaukar mutane don kuɗin fansa a bakin iyaka? Wasu sun ce jirgi ne magani, a sa shi ya yi ta shawagi bisa dajin Baban Rafi har ɓarayi su rasa wurin kwana. Wasu kuma sun ce a bar mutanen ƙauye su riƙe makami su tsare kansu. Duka ɓangarorin biyu suna magana kamar a shekarun nan ne dajin ya zama matsala, alhali tambayar wa ke tsaron dajin kudu ta girmi birnin Maradi na kan tudu da muke zaune ciki yau.

Farkon labarin sananne ne. Jihadi ya tashi a 1804, birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira, aka bi ta Damagaram, daga bisani Dan Kasawa ya zauna a Maradi wajen 1819. A 1836 aka yi yaƙin Gawakuke, inda Sarki Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri nan kusa. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, hari ne ake kaiwa ana ramawa. Sunan Sarki Dan Baskore da na Kaura Hasau, wato shugaban mayaƙan Maradi, har gobe suna bakin maroƙa.

Abin da ba a cika faɗi ba shi ne yadda talakan wancan zamani ya zauna. Ana yawan tuna barade da lifidi da sulke, da tambarin da ake bugawa in za a fita. Amma yawancin mayaƙan Maradi dakaru ne, 'yan baka, manoman da ke ajiye hauya su ɗauki kwari. Kuma babban makamin ƙasar shi ne tsarin zamanta. Jama'a sun taru a cikin kwarin Gulbin Maradi, inda ruwa ke kusa kuma itatuwa suka yi duhu, gari kusa da gari, kowane da shingen itace da ƙaya, ƙofa ƙanƙanuwa. Gona tana inda za a iya jin kururuwa daga gari. Bayan wannan sai daji mai faɗi, wanda ba a noma shi, ba a kwana cikinsa sai da dalili. Matafiyin nan Bajamushe, Barth, ya bi ta Tasawa da Gazawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da Gazawa cikin kafi a tsakiyar kurmi, sannan ayarinsa ya keta dajin da ke tsakaninta da Katsina a tsorace, suka wuce kufan Dankama. Dajin nan garkuwa ne. Mahayin da zai kawo hari sai ya ratsa shi, kuma akwai mahalba da ke sanin sawun kowane doki da ya shiga, su kai labari fada kafin ƙura ta iso.

A 1899 ayarin sojan Faransa ya ratso ƙasar daga yamma, labarinsa ya ƙare a Maijirgi kusa da Tasawa. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi ƙasa ana kafa alamun iyaka, Maradi ta faɗa ɓangaren Faransa, Katsina ɓangaren Ingila. Wannan ma kowane ɗan lakwal ya san shi.

Abin da ya biyo baya, a cikin shekaru talatin zuwa arba'in na farkon ƙarni na 20, shi ne a ganina mafarin halin da ake ciki, kuma da wuya ka ji an ambace shi a muhawarar yau. Hari ya tsaya, sai mutane suka fito daga kwari. Babu wanda ya yi shela, babu wanda ya tsara. Magidanci ne ya duba gonar gado ta yi masa kaɗan, ya ɗauki gatari da 'ya'yansa ya hau jigawa. Sau da yawa mahalbi ne ke gaba, domin shi ya san inda ruwa ke kwanciya da inda za a yi gina a tarar da shi. A yi sassabe, a ƙone, a kafa bukka, damina ta farko a kwana a gona, rani a koma gida. In rijiya ta ba da ruwa, sai a ɗauko mata da yara, ƙane ya biyo wa, suruki ya biyo. Waɗanda suka fito daga bauta su ma sun sami hanyar zama da gashin kansu nesa da iyayen gijinsu. Wasu kuma nesa da bariki suka nema, don gudun lanho, wato haraji, da aikin tilas, wanda bai ƙare ba sai 1946. Duk wanda ya bi hanyar Dakoro ko ta Mayahi ya karanta allunan ƙauyuka, Gidan wane, Garin wane, Dan wane, yana karanta sunayen mutanen da suka yi wannan fita.

Sabon ƙauyen ba shi da kafi. Me za a yi da shi? Wanda ya gina shinge a 1925 dariya za a yi masa. Gidaje suka bazu, gona ta yi nisan tafiyar rabin yini, tunga ta rabu da uwar gari. Yaron da aka haifa a nan bai taɓa jin gangar yaƙi ba, kuma wannan alheri ne babba, ba abin da za a yi kewarsa. Sai dai tare da shingen an bar wani abu da bai da suna a takarda: sanin cewa tsaron gari aikin mutanen gari ne, da jerin hannuwan da labari ke bi daga bakin daji zuwa ga mai yanke shawara. Kaura ya rage da rawaninsa da dokinsa na hawan salla. Yaƙi ya koma sana'ar mai kaki, wanda ake ɗauka a kai shi bariki, wani lokaci a tsallaka teku da shi zuwa yaƙin da bai san mafarinsa ba. Tsaro ya zama abin da ake aikowa daga nesa, in an aika kira.

Sannan gyaɗa ta shigo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kasuwa ta buɗe, lanho kuma da kuɗi ake biyansa. Maradi ta zama mazaunin kumandan a 1927, kantuna suka kafu, aka fara ganin manyan 'yan kasuwar da daga baya aka sani da alhazai. Ko birnin kansa ya bar kwari bayan ambaliyar 1945, ya hau tudu da tituna miƙaƙƙu, unguwannin Bagalam da Mokoyo da Yandaka suka tashi da sunayensu zuwa sabon wuri. A karkara, gandun gida ya fara tsagewa, kowane saurayi yana son gamanarsa ta yi faɗi don ya sami kuɗin aure da na tufafi. Saurar da ake barin ta huta shekaru ta koma hutun shekara biyu, daga baya babu hutun sam. Ƙidayar 1977 ta sami mutanen jihar Maradi ba su cika miliyan 1 ba. Ta 2012 ta same su sun haura miliyan 3 da dubu 400. Ƙasar kuwa ba ta ƙaru da taki ɗaya ba.

A nan makiyayi ya shigo cikin lissafi. Dajin da manomi ya sare shi ne inda garke ke yini. Da can akwai abin da ya haɗa su: bayan an cire amfanin gona, Bafulatani ya sauka a gonar mutum, shanu su ci kara su bar taki, mai gona ya ba shi damen hatsi, matar ruga ta kawo nono ta karɓi gero. Manomi mai ɗan hali yakan ba shi amanar saniyarsa. Da gonaki suka haɗe, burtali ya ƙuntata, hanyar mashaya ta bi ta tsakiyar shuka. An yi doka a 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, amma yunwar ƙasa ta tsallake ta. Farin 1973 da na 1984 suka kashe dabbobi, da yawa daga makiyaya suka koma kiwon shanun wasu a kan lada. Manomi kuma ya fara kwashe kara da harawa yana ajiyewa don nasa dabbobin ko don kasuwa. Rikicin manoma da makiyaya da ya faru a Toda a watan Oktoba na 1991, inda aka rasa rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara, ya faru ne shekaru ashirin kafin makaman Libiya su bazu a Sahel. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta zo da kwamitocin ƙasa da shata burtali, ta kuma kashe wuta a wurare da dama, amma ta tarar da ƙasa an riga an rabe ta.

Ɗan dajin da ya rage, irin Baban Rafi, ya tsira ne don an keɓe shi. Ya ci gaba ta kudu ya haɗe da dazuzzukan Katsina da Zamfara, iyaka ta bi ta cikinsa. Shi ne dai tsohon dajin tsakani, amma yanzu ƙauyuka marasa shinge sun matso har gindinsa, mahalban da suka san cikinsa sun tsufa ba magada da yawa, mai hari kuma ya sauka daga doki ya hau babur, da waya a aljihu.

Jirgi fa? Shi ma ba baƙo ba ne a wannan yanki. Bam na farko da aka taɓa jefowa daga jirgin sama a duniya a Libiya ya faɗi, a 1911. Jiragen farko sun sauka Kano a watan Nuwamba na 1925, kuma a yaƙin duniya na biyu Kano ta zama zango a hanyar jiragen da ke tashi daga Takoradi zuwa Masar. A zamaninmu Amurka ta yi sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas daga 2019 har ta kwashe a 2024, Nijar kuma ta karɓi nata da ta saya daga Turkiyya a 2022. Ba na raina amfaninsu. Sojan da ke bin sawun shanun sata cikin dare yana da haƙƙin a duba masa abin da ke gabansa, kuma akwai rayukan da aka ceto ta haka. Amma daga sama, babura goma masu rakiyar amarya da babura goma na ɓarayi kamarsu ɗaya. Jirgi ba ya sanin wane ne ya sayi buhun shinkafa da jarkokin mai fiye da ƙarfin gidansa a kasuwar mako, ko wane yaro ne ya bar ruga tun da aka kwashe garken ubansa. Wannan sani yana wurin mai gari, da ardo, da matar da ke tallar fura, kuma ba ya fitowa sai inda mai faɗa ya amince ba za a kwana da sunansa a daji ba.

Masu cewa a raba makami su ma suna tsallake wani abu. Ɗan bakan Maradi na da yana ƙarƙashin Kaura, Kaura yana ƙarƙashin sarki da 'yan majalisarsa, Galadima da Yandaka da Durbi. Akwai mai cewa a fita, akwai mai cewa a dawo. A ƙetaren iyaka an ga yadda sa-kai marar linzami ya mai da rikicin sata ya zama na ƙabila, aka rufe wa makiyayi kasuwa, wanda bai shiga daji ba ma ya shiga.

Yau a wasu ƙauyukan bakin iyaka mutane suna yin abin da kakanninsu suka daina: tunga tana tashi ta koma uwar gari, ana kwana da dabbobi a tsakar gida, gonar nesa ana barin ta ba shuka. 'Yan gudun hijira ma an matsar da su daga iyaka zuwa Dan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Bambancin shi ne kwarin da ya ɗauki jama'ar 1850 ba zai ɗauki ta yau ba, kuma kowace gonar da aka bari a kudu ana jin ta a farashin tiyar hatsi a kasuwar Maradi.