Shin da gaske 'yan kallo sun gudu don tsoron jirgin ƙasa a fim?

An daɗe ana cewa da 'yan'uwan nan biyu, Auguste da Louis Lumière, waɗanda ke cikin na farko da suka fara harkar sinima, suka nuna fim ɗin jirgin ƙasa yana shiga tashar La Ciotat a kudancin Faransa, sai jama'a suka watse da gudu, wai zai take su. Masanin tarihin fim Martin Loiperdinger ya bincika, bai samu jarida ko rahoton 'yan sanda na lokacin da ya ambaci haka ba.

Ko a nunin farko da 'yan'uwan suka yi wa jama'a masu biyan kuɗi ranar 28 ga Disamba 1895 a Grand Café da ke Faris ma babu wannan fim, sai a 1896 aka fara nuna shi.

A duba abin da 'yan kallon suka gani. Hoton baƙi da fari ne, tsawonsa kusan daƙiƙa 50, yana ta rawa saboda da hannu ake juya na'urar, hoto kusan 16 a daƙiƙa. Babu ƙarar jirgi. An ajiye kyamarar a gefen titin jirgin, don haka a karkace yake tahowa ya wuce ta hagu. Mutanen Faris kuwa sun saba da jirgin ƙasa, sun kuma saba da majigin fitila, wato na'urar da ke haska hotuna a bango. Abin da ya ba su mamaki shi ne hoto yana motsi.