Maiƙon tirans da ɗaliban koyon sana'a: tambayoyi da amsoshi

Wane irin mai ne wannan?

Man ruwa ne, kamar na waken soya ko na angurya, da ake busa wa iskar haidirojin a masana'anta har ya daskare kamar bota. Masu gashin burodi da kek suna son sa don yana da arha, ba ya saurin lalacewa, kuma yana sa biskit da cincin su yi garas-garas. Akwai ɗan kaɗan a nono da man shanu da naman shanu da tumaki, amma na masana'anta shi ne abin damuwa.

Me yake yi wa jiki?

Yana ƙara mugun kolestarol (wani irin kitse) a jini, ya rage mai amfani, a hankali jijiyoyin zuciya su toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana jawo mutuwar mutane sama da 278,000 a shekara. Shawararta kada babba ya kai giram 2.2 a rana, wato ko cikin ƙaramin cokalin shayi bai kai ba.

Ai ɗalibai sun san da haka, ko?

Ko sun sani, aljihu ne ke zaɓar abincin rana. Yaron da ya yini a shagon walda ko gaban keken ɗinki, da ɗan canjinsa, abin da ke bakin ƙofar makaranta zai saya: fanke, donot, biskit. Nasiha kawai ba za ta canza wannan ba. Ni masu koyon girki da gashin kek sun fi damuna, domin gobe su ne za su zaɓi botar da unguwa guda za ta ci. A koya musu juya kwali su karanta. In sun ga "partially hydrogenated", wato man da aka busa wa haidirojin, cikin jerin kayan haɗi, su mayar.

Man ƙosai da awara da ake ta maimaitawa fa?

Yawan ƙona mai yana haifar da ɗan tirans da wasu gurɓatattun sinadarai. In ya yi baƙi, yana kumfa, a zubar. Manja kuwa ba shi da tirans, sai dai maiƙonsa mai nauyi ne, kada a cika hannu.

Akwai doka?

Akwai. Denmak ce ta fara a 2003. A Najeriya, dokar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, da ta fito a 2023 ta ƙayyade giram 2 cikin kowane giram 100 na mai. Matsalar tana ga botar da ake yankawa daga babban bokiti a ƙulla a leda a kasuwa, ba suna, ba rubutu.